Yadda ake juyen man giya da canza filta a mota otomatik

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu motoci, wai man giyar otomatik ba a taɓa shi, da zarar ka juye shi toh giya ta tafi kenan sai dai ka fara neman kuɗin wata. Ni kaina na daɗe da riƙe maganar nan, Corolla ta 2006 da na saya ta Kwatano na yi shekara biyu ina hawanta ban taɓa zaro gejin giyarta, wato sandar awon man giya, ba, duk wata uku dai a yi juyen baƙin mai a canza filtar inji shikenan. Sai da ta fara wani ɗan bugu in na saka ribas da safe sannan na farga.

In ka bi diddigin maganar za ka ga inda ta samo asali. Yawancinmu ba ma tunawa da man giya sai giyar ta fara ciwo, tana jinkirin shiga, kana ba da wuta inji na ihu mota ba ta tafiya, a lokacin ne za a garzaya gareji a ce a juye mai, bayan sati biyu giya ta ƙarasa mutuwa sai a ɗora wa sabon mai laifi, alhali ihu ne bayan hari, faiba, wato faya-fayan da ke kamawa a cikin giya in za ta canza, ta riga ta cinye tuntuni. Sauran kuma waɗanda giyarsu ta mutu bayan juye in ka bincika ko dai an zuba musu man da ba nata ba, ko an zuba ya yi yawa, ko bai kai ba. Aikin kansa ba wuya gare shi ba wallahi, wanda ya iya juyen baƙin mai zai iya, kawai dai giyar otomatik ba ta son kintace, irin man da ta ce shi za ka ba ta kuma iya adadin da ta ce.

Dalili kuwa, aikin man nan ya wuce sa ƙarfe santsi. Shi ne famfon giya ke matsawa ya danne faiba a samu canji, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin kwambata, wato tulun ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. Ga zafin da muke fama da shi a watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga gosulo na cikin gari, ga lodin da muke yi wa motoci in za a je gida sallah. Zafi shi ke tsufar da man. A ganina duk wanda ke hawan mota a irin wannan yanayi kar ya wuce kilomita dubu 50 zuwa 60 bai juye ba, kuma ka lura in motarka daga Amurka ta zo da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Zan yi bayanin ne a kan Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tunda ita na fi sani kuma ita ta cika gari, in na gama sai in faɗi inda Camry da Honda suka sha bamban.

Kafin ka kunce komai, duba man tukuna

Gejin giya yana ɓangaren direba kusa da batir, daban da na baƙin mai. Zaro shi ka goga a farar takarda ko tishu. In ja ne tas, ko ja mai ɗan duhu, lafiya lau. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ya ƙauri, lokacin juye ya yi, ka ci gaba. In kuwa baƙi ne ƙirin yana ƙaurin tuwon da ya kama a tukunya, kuma dama motar na sulɓewa in za ta canza giya, ka tsaya ka yi wa kanka gaskiya, sabon mai ba zai mayar da faibar da ta ƙone ba, wannan aikin mai gyaran giya ne. Sai kala ɗaya da ya kamata ta tsorata ka, in ka ga man ya yi ruwan hoda ya yi kauri kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ciki domin bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, in ya fashe sai su gauraya. Kar ka ƙara tuƙa ta, lagireton za a fara canzawa.

Yanzu ka goge gejin da kyau ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Toyota na buga sunan man a jikin ƙarfen ko a marfinsa. A wannan Corolla za ka ga T-IV. Corolla ta 2009 zuwa 2013 kuma WS take sha, haka Camry Muscle ta 2007 zuwa sama, ita kuwa Camry Big Daddy da ta gabace ta T-IV ce. WS ya fi T-IV ruwa-ruwa, ba a musanya su. Corolla LE daga 2014 giyarta wata iri ce da ake kira CVT, nata man daban yake gaba ɗaya, ka zuba mata na giyar gama-gari ka yi mata illa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne duk ja ne. Ka shiga shago ka ce man giya sai yaron shago ya miƙo maka jan mai a roba ya ce "Alhaji ai duk ɗaya ne, shi kowa ke zubawa". Ja ɗin nan rini ne kawai ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai, kar ka yi wa rogo kallon kitse. Galibi Dexron ne yake miƙo maka, shi kuma a wannan motar na pawar sitiyari ne, tsofaffin giyoyi ne ke shan sa. Man giyar manuwal mai kaurin nan mai lamba 90 kuwa ko kusa kar ya zo. Sannan jabu ya yi yawa a kasuwa, ka duba hatimin marfi, ka saya a wurin wanda in an samu matsala za ka iya komawa ka same shi, in ka ga kuɗin ya yi sauƙi fiye da kima ka san araha ba ta ado.

Kayan da za ka tanada

Mai lita 4, in da hali 5 don kar ka tsaya a tsakiyar aiki. Wanda ya zo daga Amurka robarsa ba ta cika lita ba, mililita 946 ce, ka sa wannan a lissafi. Sai filta da gaskit na kwanon giya, tare ake sayar da su a kwali ɗaya, in kana Kano Ƙofar Ruwa ba a rasawa, Kaduna kuma Panteka, amma ka faɗi shekarar motar da girman injin, in ma za ka iya ka bari sai ka ciro tsohuwar ka je da ita a gwada ido da ido. Sabuwar washa ta notin juye. Soket mai lamba 10 da 14 da hannunsu da ɗan ƙarin tsawo, mazurari mai dogon siririn baki da zai shiga bututun geji, baho mai faɗi wanda ya fi kwanon giyar girma don man ba ta waje ɗaya zai zubo ba, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, fetur kaɗan na wanki, da gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi guda uku busassu, zan faɗi amfaninsu.

Maganar ɗaga mota, in za ka samu rami a gareji ko gadar wurin wankin mota ya fi komai. In a gida ne ka ɗaga da jak ka ɗora ta a kan ƙarfen tallafi guda biyu, ka ja hambirki, ka sa waigi a tayoyin baya. Dan Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana dagargajewa lokaci guda ba tare da ya yi gargaɗi ba. Kuma ka zaɓi inda ba iska, in ana hazo da ƙura ka shiga rumfa ko ka bari sai ta lafa, cikin giya ko ƙwayar yashi ba ya so.

Juyen kansa

Ka ɗan zaga da motar kamar minti 10 man ya yi ɗumi, ya fi saurin zubowa kuma yana tahowa da datti. In daga doguwar tafiya ka dawo ka bar ta ta huce, man giya mai aiki yana kai digiri 80, zai sale maka hannu.

Da ka shiga ƙasa za ka ga kwano biyu. Na inji yana ɓangaren fasinja, na giya yana ɓangaren direba, baƙi ne mai faɗi da ƙananan notina zagaye da shi, shi kanikawa ke ce wa botom filet. Ka tabbata wanda kake kuncewa, ana yin kuskuren nan fiye da yadda kake zato, yaro ya juye man giya yana zaton baƙin mai ne sannan ya ƙara lita huɗu a kan injin da dama a cike yake. Ka tara baho, ka sassauta notin juye da lamba 14, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi sama har zaren ya ƙare sannan ka fizge hannu gefe. Ka ba shi lokaci, minti 15 ko 20, har ya koma ɗigo. Sai ka mayar da notin da hannu kawai don kar ya riƙa ɗiga maka a fuska.

Yanzu kwanon. Notinansa lamba 10 ne, guda 18 a wannan motar. Kar ka cire su duka ka tsaya kallo, har yanzu da sauran mai a ciki. Ka kunce na ɓangarori uku gaba ɗaya, na ɓangare ɗaya ka sassauta su kawai ka bar biyu ko uku suna riƙe, sai kwanon ya karkata man ya zubo ta kusurwa ɗaya cikin baho. In ya manne ya ƙi sakin jiki ka ɗan bubbuga gefensa da guduman roba ko ƙotar katako, kar ka cusa sukundireba tsakaninsa da jikin giya kana banƙara, jikin giyar alminiyam ne, ka yi masa rauni a nan yoyo ba zai ƙare ba har abada. Sai ka tallafe shi da hannu ɗaya ka cire sauran ka sauke shi a hankali a miƙe.

A nan nake so ka daɗe, don kwanon nan shi ke ba ka labarin giyarka fiye da duk abin da wani zai gaya maka. A ƙasansa za ka ga ƙananan maganaɗisu manne, ka lura da inda kowanne yake zaune, ka ɗauki hoto da waya ma ya fi. Za ka same su lulluɓe da wani baƙin abu mai laushi kamar kwalli da aka kwaɓa, wannan ba komai, garin ƙarfe ne na yau da gobe, aikin maganaɗisun kenan. Murza shi tsakanin yatsunka. In laushi ne zalla alhamdulillah. In ka ji tsini-tsini, ko ka ga gutsattsarin ƙarfe da ido, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki. In ka ga ƙyalli kalar zinariya a gindin kwanon, bushin ne, wato zoben da ƙarafan giya ke juyawa a cikinsa, ke cinyewa. In kuma ka ga baƙin gari da yawa kamar dusar shayi wanda maganaɗisu bai kama ba, faiba ce ke zubewa. Ɗan kaɗan a motar da ta yi shekaru ba abin tashin hankali ba ne, amma in za ka iya kwasa da cokali toh ka fara tara kuɗi, ka kuma san cewa ba juyen nan ne zai jawo abin da zai biyo baya ba.

Ka ɗaga kai ka kalli inda kwanon ya fita, wannan ƙarfen mai wayoyi shi ne balbodi, ƙwaƙwalwar giyar kenan, wayoyin na solonoyid ne, wato ƙananan bawul na lantarki masu buɗe wa mai hanya, kar ka ja su kar ka taɓa notinansa. Filtar ita ce faffaɗar da ke manne a ƙasansa da notina uku. Ka kunce su ka jera su a kwali yadda suka fito domin ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya ba, dogo in ya shiga ramin gajere ba zai matse ba ko ya fasa wani abu. Da ka zare filtar wani man zai sake zubowa, ka bar baho a ƙasa. Sai ka duba bakin inda ta shiga, wasu giyoyin ɗan gaskit ne a wurin wasu zoben roba, ka tabbata tsohon ya fito, yana maƙalewa a sama mutum bai gani ba ya ɗora sabo a kai, daga nan famfo ya riƙa zuƙar iska mota ta ƙi tafiya a rasa dalili.

Ka haɗa tsohuwa da sabuwa ka gwada, ramukan noti, bakin zuƙa, zurfi, duk su zo ɗaya. Ka shafa wa zoben ko gaskit ɗin sabon mai da yatsa ka ɗaura, notinanta Nm 10 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wato ɗauri mai sauƙi. Wani abin da na lura, filtar ainihi ta wannan Corolla raga ce ta ƙarfe mai laushi, in ka rasa sabuwa mai kyau sai wata mara nauyi da ba ka yarda da ita ba, gara ka wanke ta ainihin da fetur mai tsabta ka bar ta ta bushe sarai ka mayar, muddin ragar ba ta yage ba. Amma irin filtar da cikinta kamar takarda ko auduga yake, ita ba a wanke ta, canzawa ake yi.

Kwano da maganaɗisu ka wanke su da fetur, ka kankare ragowar tsohon gaskit daga leɓen kwanon da na jikin giyar, na jikin giyar da abu na roba za ka kankare ba reza ba. Ka bar su su bushe da kansu. Ka ɗora leɓen kwanon a kan abu mai shafe ka duba, in wani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfi za ka ga ramukan notin sun turo sama, ka ɗora a katako ka daddaɓe su da ƙaramar guduma su kwanta. Ka mayar da maganaɗisu inda ka same su.

Sai maganar gam. Kanikawanmu na son gam kamar me, komai sai an lafta. In kwanonka mai gaskit ne ba ya buƙatar gam, a bushe ake ɗora shi. Abin da ke faruwa in an lafta, rarar da ta matso ta ciki tana ɓallewa ta faɗa cikin mai ta je ta toshe raga ko ta maƙale a solonoyid. Akwai giyoyin da daga kamfani gam ne kawai ba gaskit, su ma siririn layi ake ja. In gaskit ɗin na zame maka ka zura notina huɗu na kusurwa ta cikinsa su riƙe shi, ramukan na kama noti.

Ka ɗaga kwanon ka ɗaura dukkan notinan da yatsu tukuna, kowanne ya kama zarensa, sannan ka bi su da soket kana tsallakawa, wannan gefe sai wanda ke fuskantarsa, zagaye biyu ko uku kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ƙarfin da suke buƙata kaɗan ne ƙwarai, bai wuce Nm 5 zuwa 8 ba a irin waɗannan giyoyin, ka riƙe hannun soket ɗin daga kusa da kansa da yatsu uku, da ka ji ya zauna ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Mu a tunaninmu ƙara ɗauri shi ke hana yoyo, a nan kuwa shi ke kawo shi, gaskit ya tsage ya fito gefe ko noti ya karye a ciki ka shiga neman mai walda. Notin juye ka sa masa sabuwar washa ka ɗaure daidai misali, shi ma ba na taya ba ne.

Awo da zubawa

Ga amfanin gorunan nan. Duk man da ya zubo a baho ka ɗura shi a ciki da mazurari ka ga nawa ne. Gora biyu lita 3 kenan. In notin juye kaɗai ka kunce abin da ke fita a wannan motar kusan lita 3 ne, in ka sauke kwano da filta yakan haura zuwa uku da rabi ko fiye. Abin da ya fito shi za ka mayar, in dama man yana daidai kafin ka fara. Ni nakan rage kamar kwatan lita in ƙarasa daga baya, don ƙari ya fi ragi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka wanke mazurarin ko ka yi amfani da wani daban, ka sa shi a bututun geji ka zuba a hankali, in ka yi sauri zai yi amai ya dawo maka.

Ka sauke motar a wuri mai daidai ba gangare ba. Ka tayar da ita a P kar ka ba da wuta, ka taka burki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, R, N, D, 2, L, kowanne ka tsaya daƙiƙa biyar ko goma, ka dawo P. Inji na aiki ka zaro geji ka goge ka mayar har ƙarshe ka sake zarowa. Akwai alama biyu, ta ƙasa an rubuta COOL ta sama HOT. Yanzu da man bai yi zafi ba ya kamata ya kasance a COOL, wannan don ka san ba ka yi nisa da daidai ba ne kawai. Ka leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗigo, in babu ka fita ka yi tuƙi na minti 15 zuwa 20 ta bi duk giyoyinta, ka dawo ka faka a daidai, inji na aiki, a P, ka sake aunawa. Wannan shi ne awo na gaskiya, ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Ka duba fuska biyu na gejin ka ɗauki wadda ta fi ƙasa don man da ka zuba yana shafar bangon bututun ya yaudare ka. In bai kai ba ka ƙara kaɗan, kamar rabin kofin shayi, ka jira ka sake dubawa, tsakanin alamomin HOT ɗin biyu bai wuce kusan rabin lita ba.

Karo na farko da aka yi min juyen nan ban tsaya a kai ba, na bar motar a wani gareji na tafi masallaci, yaron ya auna inji a kashe, kuma ya ga galan na lita 4 ne ya ce ai gara ya ƙarar da shi, har da ƙarin wata roba. Washegari a hanya na ji canjinta ya zama wani iri, na tsaya na zaro geji sai ga kumfa har sama. Na koma na ce "Oga me ya faru haka", ya ce "Yallaɓai ai mai ba ya yawa a giya". Yana yawa mana. In ya yi yawa ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta iya danne faiba, ga zafi, ga shi yana tsiyaya ta mashaƙar giyar. Sai da muka zuƙe fiye da lita ɗaya da sirinji da siririn tiyo ta bututun geji sannan ta dawo hayyacinta. Tun daga ranar ni ke yi da hannuna ko in ja kujera in zauna a kai.

Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe ka duba. Bayan kwana uku ko huɗu ka sake bin notinan kwanon a hankali don sabon gaskit yakan ɗan kwanta.

Kar ka yi mamaki in bayan kwana biyu ka ga man ya sake yin duhu, ba cutarka aka yi ba. Giyar gaba ɗaya tana ɗaukar lita 7 da ɗoriya, kai kuma 3 ka fitar, sauran na cikin kwambata da bututai ba sa fitowa ta ƙasa. Juye ɗaya kusan kashi 40 cikin ɗari ka sabunta. In ka yi tuƙi na sati ɗaya ko biyu ka sake juyewa ta noti kawai ba sai ka sauke kwano ba, ka kai biyu bisa uku, na uku ya kai ka kusan kashi 80. Ga tsohuwar motar da ba ka san tarihinta ba wannan bi-a-sannu ɗin shi na fi yarda da shi a kan a ɗaura mata injin wanke giya a tayar da dattin shekara goma rana ɗaya. Masu zuba kananzir ko fetur a cikin giya su tayar da inji wai suna wanke ta kuwa, in ka ga ana shirin yi wa motarka haka ka karɓi makullinka.

Sauran motoci

Camry Big Daddy aikin kusan ɗaya ne, sai dai wasu notinan kwanon sun ɓuya a saman ƙarfen da ke ɗauke da inji, sai da ƙaramar sufana da haƙuri, wani lokacin ma sai an ɗan ɗaga giyar.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wato wadda ake ce wa EOD da ƙanwarta da ta biyo ta, ba ta da kwano sam. Noti ɗaya ne a gefe mai rami murabba'i, kan hannun soket mai 3/8 ke shiga kai tsaye, maganaɗisun a jikin notin yake ka goge shi. Abin da ke fita ya kusa lita 3, man kuma na Honda ne, da Z1 ne yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Babbar filtarta a can cikin giya take sai an buɗe, sai wata ƙarama ta waje da ake iya canzawa. Kuma awonta akasin Toyota ne, sai ta yi zafi ka kashe inji ka auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mutane da yawa a nan suke cika ta ba daidai ba.

Sai marasa geji, irin Camry Muscle mai V6 da masu inji 2.5 daga 2010, da Peugeot 406 mai giyar AL4. Su ta gefe ko ta sama ake zuba musu, kuma ana gane cikarsu ne ta wani bututu da ke cikin notin ƙasa, in man ya kai sai rarar ta zubo. A Toyota sai man yana tsakanin digiri 35 zuwa 45 ake wannan awon, inji na aiki mota a miƙe, don haka galibi sai da na'urar da ake jonawa a mota ta nuna zafin. In ba ka da ita ka kai wa mai ita. In kuma ka ce sai ka yi da kanka, ka fara kunce notin zubawa kafin na juyewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kuntuwa.

Tsohon man kar a tuttular da shi a kwata ko bayan gida, ka haɗa a jarka ka kai gareji, akwai masu zuwa karɓar baƙin mai. Gorunan da ka yi awo da su kuma kar ka bar su a tsakar gida ko minti biyar, jan mai a gorar ruwa sak zoɓo yake a idon yaro, ka juye su a jarka ka huda gorunan ka jefar.